Murmushi Ta Je Gidan Rediyo

Shekara shida Murmushi ta yi a teburin biya na bakwai a babban kantin da ke bakin babban titi, kuma duk a tsaye ta yi su. Kantin yana da ƙofa huɗu, da layin kaya talatin da biyu, da sashe guda na kujeru zalla, daga na roba har na fata masu lilo, amma babu ko ɗaya a bayan teburin biya. Dokar hedikwata ce. Wai wani ƙwararre ya yi bincike ya gano cewa kashiyar da ke zaune tana sa mai saye ya ji kamar ya zo ya dame ta.

Murmushi ba sunanta na gaskiya ba ne. A shekararta ta biyu aka zo da mai hoto don yin talla. Ya duba kashiyoyi goma sha ɗaya ya zaɓe ta, ya zaunar da ita a kan kwalin sabulu don haske ya faɗo mata daidai. Ranar ce ta fara zama a lokacin aiki, daɗin da ƙafafunta suka ji ya sa ta washe baki har kunne. Hoton nan aka ƙara wa girma aka rataya a saman babbar ƙofa, ƙarƙashinsa an rubuta: "Ma'aikatanmu danginmu ne." Tun daga nan sunan ya bi ta har gida.

Dangi ko ba dangi ba, takardarta ta wucin gadi ce. Duk wata goma sha ɗaya sai a ba ta abin da kantin ke kira hutun godiya, sati biyu ba albashi, sannan a sake ɗaukarta a matsayin sabuwa. Sau shida ana yi mata barka da zuwa. Sau shida ana nuna mata inda banɗaki yake, da katin da ake karɓa a hannun sufabaiza kafin a shiga.

A gida kuwa, kantin nan shi ne abin hira da safe da yamma. Mijinta ya taɓa yin shago a unguwa, babban kanti ya zo ya shanye masa masu saye cikin shekara ɗaya, yanzu yana tuƙa motar kai kaya. Mahaifinta, wanda ke zaune tare da su tun rasuwar mahaifiyarta, ya yi shekara ashirin da bakwai a masaƙa kafin a rufe ta, kuma da shi aka yi yajin aiki uku.

"Baba, waɗannan mutanen ba 'yan kasuwa ba ne," in ji mijin, yana cire takalmi a bakin ƙofa. "Kuraye ne da rigar aiki. Sun kashe mana shaguna, sun mai da matanmu turaku. Ni da ina da iko, gobe zan sa a garƙame wurin."

"To ka garƙame, mu ga inda za ka sayi man girki a wannan farashin," in ji Baba. "Kanti ba shi da laifi. Ina ka taɓa ganin mai kuɗi ya ba da abu don kunya? Laifin na ma'aikata ne da ba su haɗa kai ba. A zamaninmu, fanka ɗaya ta mutu a ɗakin rini muka kashe injuna kwana huɗu."

"Shi ya sa ai masaƙar take nan har yau, Baba."

Baba ya yi kamar bai ji ba. Mijin ya juya wajen matarsa, wadda ta tsoma ƙafafunta cikin bahon ruwan ɗumi, ya ce, "Af, gobe ki taho min da batir da man aski. Ki yi amfani da katinki na rangwame."

Abin da ya tayar da ƙura shi ne faɗuwar kashiyar teburi na uku. Cikinta wata bakwai, ta nemi katin banɗaki aka ce yana hannun wata, ta ci gaba da aiki har jiri ya kwashe ta a gaban layin mutane. Wani ya ɗauka a waya. Kafin kwana biyu jaridu sun ɗauka, masu sharhi sun rabu gida biyu, wasu na cewa bauta ce, wasu na cewa hassada ce ake yi wa kamfanin da ya ba mutum ɗari uku aiki. Gidan rediyo ya shirya muhawara ranar Laraba da la'asar: Manajan kanti, da Sakataren ƙungiyar ƙwadago, da abin da suka kira muryar ma'aikaci.

Ranar Litinin Manaja ya aika a kira Murmushi. Ofishinsa yana sama, bango ɗaya gilashi ne, daga nan yake hango teburan biya kamar mai kallon kifi a ruwa.

"Ƙanwata, shigo, shigo," in ji shi. "Gida ne ai. Ya yara?"

"Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe."

"Kin san ke ce fuskar gidan nan. In baƙo ya zagi gida, wa zai fito ya kare shi in ba 'yar gida ba?" Ya turo mata takarda mai shafi biyu. "Ba wai muna sa miki magana a baki ba ne. Abin da ke zuciyarki ne, hedikwata ta taimaka ta rubuta."

Ta duba layin farko: "Kullum na farka da safe, nakan gode wa kamfanin da ya ba ni damar tsayawa da ƙafafuna."

"Ranka ya daɗe, wannan kam gaskiya ne," in ji ta.

Manaja ya ji daɗi ƙwarai. Ya tuna mata, cikin raha, cewa watanta na goma ke nan, kuma hedikwata ba ta manta alheri.

Washegari da ta tashi aiki, ta iske wani mutum mai jar hula da jakar fata yana jiran ta a tashar bas. Ya miƙo hannu, ya fasa, ya dafe ƙirji.

"Kwamared, sannu da gwagwarmaya. Ni ne Sakatarenku. Ya jikin? Ya abin da ke cikin?"

"Ba ni ce na faɗi ba, Yallaɓai. Ta teburi na uku ce."

"Duk ɗaya ne, ciwon ɗaya ciwon duka." Ya buɗe jaka ya zaro takarda mai shafi uku. "Na ji an zaɓe ki. Tarihi ne ya zaɓe ki, ba su ba. Ga abin da ma'aikata ke son faɗa. In kin zo sakin layi na huɗu, in da hali, muryarki ta ɗan karye. Rediyo ne, ba a ganin hawaye, sai an ji shi."

Layin farko na tasa ya ce: "Ni baiwa ce a ƙarƙashin takalmin jari-hujja, kuma ba don jajircewar Sakatarenmu ba da tuni na mutu."

Ta ninke ta sa a jaka kusa da ta Manaja. Bas ta zo. Sakatare ya ɗaga mata dunƙulallen hannu, sannan ya tsallaka titi ya shiga motarsa.

Ranar Laraba da safe ta nuna wa Gwaggo takardun biyu a ɗakin canza kaya. Gwaggo ita ce kashiyar teburi na ɗaya, ta girmi kowa a wurin, jijiyoyin ƙafarta sun fito kamar igiya, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta sa tabarau ta karanta duka biyun har ƙarshe.

"Gwaggo, wacce zan karanta?"

"Wannan za ta raba ki da mu, wannan za ta raba ki da aiki," in ji Gwaggo, ta miƙa mata. "Ni dai ban ga inda aka ambaci katin banɗaki ba a ko ɗaya."

Ɗakin watsa shirin ƙarami ne, bangonsa an lulluɓe da soso. Tebur ɗaya, makirfo uku, kujera uku. Mai gabatarwa ya zauna, Manaja ya zauna, Sakatare ya zauna. Aka ce za a nemo ta huɗu, ba a nemo ba. Murmushi ta tsaya a bayan mai gabatarwa, ta rungume jakarta.

Kafin a kunna jar fitila, Manaja da Sakatare suka gaisa hannu biyu-biyu. Suka tambayi iyali. Sakatare ya rage murya ya ce firjin nan da aka kai masa yana ɗan ƙara da rana, Manaja ya ce a bar masa, zai turo a canza. Fitila na kamawa, fuskokinsu suka ɗaure.

"Mu ba kanti kawai ba ne," in ji Manaja. "Kafin mu zo, talaka yana sayen sabulu a farashin da mai shago ya ga dama. Mun ba mutum ɗari uku aiki. Masu sukarmu su gaya mana mutum nawa suka ɗauka."

"Aiki ko ƙangi?" in ji Sakatare, ya bugi tebur har makirfo ya yi tsalle. "Muna gargaɗin wannan kamfani, haƙurinmu ya kusa ƙarewa. Mun ba su wa'adin kwana ashirin da ɗaya."

"Bara ma ka ba da wannan wa'adin," in ji mai gabatarwa.

"Wancan na gargaɗi ne. Wannan na jan kunne ne."

Haka suka yi ta yi kusan rabin awa. Manaja ya kawo alƙaluma, Sakatare ya kawo sunayen yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Manaja ya ce ƙungiya tana kashe kamfanoni, Sakatare ya ce kamfanoni suna kashe mutane. Babu wanda ya tuna sunan matar da ta faɗi. Da saura minti goma sha biyu, mai gabatarwa ya ja makirfonsa sama ya ce, "To, ga muryar ma'aikaci. 'Yar'uwa, bismillah."

Murmushi ta sunkuya. Ta buɗe jaka, ta ga takardun biyu kwance tare, ta rasa wadda za ta ja. Ta ce, "Malam, takarda biyu aka ba ni. Wacce zan fara?"

Mai gabatarwa ya gyara zama. Shekara da shekaru yana jiran rana irin wannan. "Wa da wa suka ba ki?"

"Ranka ya daɗe Manaja ya ba ni ɗaya, Yallaɓai Sakatare ya ba ni ɗaya."

"Karanta mana farkon kowacce."

Ta karanta. Ta gode wa kamfani da ya tsayar da ita da ƙafafunta, sannan ta zama baiwa a ƙarƙashin takalmi. Mai kula da na'ura a bayan gilashi ya kifa kansa a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Manaja ya tsura wa silin ido. Sakatare ya shiga neman wani abu a jakarsa.

"To wacce ce gaskiya?"

"Ni dai ban san wadda aka rubuta a kanta ba, Malam, amma ba ni ba ce." Ta ajiye takardun. "Kantin nan bai taɓa jinkirta mana albashi ko na kwana ɗaya ba, wannan zan faɗa ko'ina. Da shagon maigidana ya rufe, aikin nan ne ya riƙe mu. Kantin ne kuma ya rufe shagon, to ban san yadda zan lissafa wannan ba. Mahaifina a can yake sayen maganin hawan jini, don ya fi araha. Ba na so a rufe shi. Amma shekara shida ina sabuwa. Awa tara nake yi a tsaye. In zan zaga sai na roƙi kati kamar 'yar firamare, kati ɗaya mu goma sha ɗaya. Da yamma takalmina ba ya fita sai an ja."

"Ƙungiya fa?"

"Ina ganin sunanta a takardar albashi duk wata. Mai ita kuma jiya na fara ganin shi. Ba na cewa ba ta da amfani. Ni kaɗai in na hau sama na yi magana, kafin in sauko an ɗauki wata. Dole sai da ƙungiya. Ina dai so in san ko tamu ce."

"Me kike so a yi?"

"A bar mu mu zauna. A bar mu mu zaga. Shekara kuma ta koma wata goma sha biyu kamar ta kowa."

Aka buɗe layin waya. Wata mata ta tambaya ko in an sayo kujeru farashin shinkafa zai tashi, don in zai tashi ita dai a yi haƙuri. Wani ya kira ya ce shi baƙo ne, bai san kowa ba, amma matar nan jaruma ce, kuma duk wanda ya aure ta ya yi dace. Murmushi ta gane muryar mijinta da ƙarar motar kai kaya a bayansa, ta rufe fuska da hannu. Na ƙarshe tsoho ne, bai yi sallama mai tsawo ba.

"Tambaya ɗaya gare ni ga Sakatare. Yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe a ƙungiyarku?"

Sakatare ya ce ana kan shirye-shirye.

"Ban tambaye ka shiri ba, ɗana. Shekara nawa?"

Sakatare ya ce wannan harka ce ta cikin gida. Baba, don kuwa mahaifin Murmushi ne, ya ce shi ma daga cikin gida yake kira. Lokaci ya ƙare, aka sa kiɗa.

Sati biyu bayan nan wata babbar mota ta sauke kujeru goma sha ɗaya, dogaye, marasa majingina. Hedikwata ta fitar da sanarwa cewa dama tun bara shirin yana kan hanya, ta sa masa suna Shirin Zama Cikin Dangi, ta ba Manaja lambar yabo ta sabon tunani. Ƙungiya ta buga takarda mai hoton Sakatare da dunƙulallen hannu, kanunta "Mun Yi Nasara." An ƙara katin banɗaki ya zama biyu.

Murmushi ba ta zauna a kan ko ɗaya daga cikin kujerun ba. Manaja ya kira ta ya ce basira irin tata ta wuce teburin biya, an yi mata ƙarin girma zuwa sito. Sito yana can baya, babu taga, babu mai saye, babu wanda za ta yi wa magana sai kwalaye. Albashin bai canza ba. A satin farko ta yi kuka sau biyu a bayan buhunan omo, ta kuma yi da-na-sanin buɗe baki. A gida mijinta ya ce ta ajiye aikin, mutunci ya fi komai. Sannan ya tambaya ko 'yan sito ma suna da katin rangwame.

Gwaggo ce ta biyo ta siton ranar wata Asabar lokacin hutun rabin awa, da littafin rubutu na 'yan makaranta a hannu.

"Na je wajen mahaifinki," in ji ta. "Ya ce a dokar kowace ƙungiya akwai inda aka ce in kashi ɗaya cikin uku suka sa hannu, dole a kira zaɓe. Na nemo tamu, yana nan a shafi na tara. Ki karɓa min hannun 'yan sito da masu lodi. Ni na gama da kashiyoyi da masu shara."

"Gwaggo, watana na goma sha ɗaya ya kama."

"Na sani. Nawa ma saura sati uku. Ki fara da masu lodi, sun ji ki a rediyo."

Cikin kwana goma suka tara hannu ɗari da arba'in. Sakatare ya ce takardar ba ta bi ƙa'ida ba. Suka sake rubutawa. Ya ce mabuɗin zauren taro ya ɓace. Suka yi taron a filin ajiye motoci, ranar Lahadi da hantsi, kowa da lemarsa. Sakatare ya yi jawabin minti arba'in a kan tarihin gwagwarmaya. Gwaggo ta yi na minti biyu, ta ce ita ba ta iya jawabi ba, amma kowa ya san teburin da zai same ta. Ta ci da ƙuri'a ɗari da casa'in da shida, shi ya samu goma sha ɗaya.

Hutun godiyar Murmushi ya zo a kan lokaci. Sati biyu tana gida tana jiran waya, ba ta iya cin abinci sosai. Manaja ya so ya manta da ita, amma hedikwata ta ga cewa korar matar da rabin gari ya ji muryarta zai fi tsada, aka kira ta a rana ta goma sha biyar. Wata yarinya daga ofishin ma'aikata ta yi mata barka da zuwa, ta zagaya da ita ta nuna mata sito.

Zaman farko tsakanin sabuwar ƙungiya da kanti an yi shi a ofishin sama. Gwaggo ta tafi da Murmushi da wani mai lodi da ake kira Dogo. Buƙatarsu ɗaya ce a rubuce: duk wanda ya shekara biyu a mai da shi na dindindin. Da suka shiga suka tarar da mutum biyu a ɗaya gefen teburin. Manaja ya miƙe da fara'a.

"Gwaggo, barka da zuwa. Ga sabon mai ba kamfani shawara kan hulɗa da ma'aikata. Ina jin kun san juna."

Tsohon Sakatare ne, cikin kwat mai ruwan toka, babu jar hula. Ya dafe ƙirji.

"Kwamared," in ji shi, sannan ya yi tari. "Wato, Uwargida. Ina so ku fahimci halin da kamfani ke ciki. Irin wannan buƙata tana son nazari. Ku ba mu kwana casa'in."

Gwaggo ta ja kujera ta zauna, ta sa tabarau, ta buɗe littafinta.

"Mun ba ku bakwai," in ji ta. "Dogo, gaya musu abin da masu lodi suka ce."

Dogo ya gyara murya ya ce motoci goma sha huɗu ne za su iso ranar Alhamis mai zuwa, uku daga ciki na kayan sanyi, kuma masu lodi duka sun fara jin ciwon baya.

Manaja ya dubi mai ba shi shawara. Mai ba da shawara ya dubi takardar da ke gabansa, ya juya ta, bayanta babu rubutu. Manaja ya ɗauki waya ya ce a haɗa shi da hedikwata, a kuma kawo wa baƙi shayi.

Ba su samu shekara biyu ba. Bayan zama huɗu aka tsaya a kan uku, kuma ban da masu shara, waɗanda aka ce na wani ɗan kwangila ne. Gwaggo ta sa hannu ranta a ɓace, ta sauko ta wuce kai tsaye ɗakin masu shara ta gaya musu da bakinta, ta tsaya suka faɗa mata duk abin da suka ga dama. Murmushi ta karɓi takardarta ta dindindin a ƙarshen watan, har yanzu a sito. Da masu shara suka nemi wanda zai rubuta musu tasu buƙatar, ita suka samu, ta ce su zo lokacin hutu, kowa ya faɗi nasa ta rubuta yadda ya faɗa.